Amrita Sher-Gil: Mai Zanen Matan Indiya

An haifi Amrita Sher-Gil a Budapest, babban birnin Hungari, ranar 30 ga Janairun 1913. Mahaifinta, Umrao Singh, basarake ne mabiyin addinin Sikh daga Punjab, mahaifiyarta kuwa mawaƙiya ce 'yar Hungari. A 1921 iyalin suka koma Shimla a Indiya. Tana da shekara 16 ta tafi Paris koyon zane, har wani zanenta na 'yan mata biyu ya ciyo mata lambar zinare a 1933.

Da ta zauna can, da ta zama gwana guda cikin gwanaye masu yawa. Sai ta koma Indiya a 1934, hannunta ya sauya. Mu da muka san Indiya ta fim, da rawa da waƙa da kuka mai ƙara, za mu sha mamakin mutanen da Amrita ta zana. Dubi zanenta na 1935 na 'yan mata uku. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa cikin tufafi masu launi, amma babu mai kallon wata, babu mai murmushi; kowacce ta sunkuyar da ido, kamar mai jiran hukuncin da aka yanke a bayan idonta. Amrita ba ta ƙawata talauci don burge Turawa ba, ba ta kuma mai da matan abin tausayi ba. Ta ba su kwarjini, kuma a ganina nan ne ta yi wa tsararrakinta zarra.

A ƙarshen 1936 ta ziyarci kogunan Ajanta, inda tsoffin zane-zanen bango suka koya mata shimfiɗa launi ba tare da inuwa mai yawa ba. Daga nan ja da ruwan ƙasa suka mamaye aikinta: amarya ana yi mata kwalliya, ƙauyawa a hanyar kasuwa, mata suna hira a tsakar gida.

Ta auri ɗan'uwanta likita, Victor Egan, a 1938. Ta rasu a Lahore ranar 5 ga Disamban 1941, tana da shekara 28, kwanaki kaɗan kafin a buɗe baje kolin zanenta. Gwamnatin Indiya ta sanya ayyukanta cikin dukiyar ƙasa da aka hana fitarwa waje, kuma da yawansu suna babban gidan adana zane-zanen zamani na New Delhi.