Wa zai riƙe tsoho idan rumbu ya ƙare?

A ƙauyukan Maraɗi, Damagaram da Tawa, da zarar kaka ta wuce sai samari su kama hanyar cin rani. Wasu su nufi Kano, wasu Agadas da Libiya, wasu Abijan. Gida ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. A nan ne ake gane wanda yake riƙe da tsoho, da abin da riƙon yake ci.

Fansho na ƴan kaɗan ne

Ma'aikacin kamfani yana zuba kuɗi kowane wata a asusun CNSS, wanda aka kafa a shekarar 1965. Idan ya kai shekara 60 kuma ya cika sharuɗɗa, sai a riƙa biyan sa fansho. Ma'aikatan gomnati su ma suna da asusunsu, CARENI. Amma manomi da makiyayi, waɗanda su ne mafi yawan jama'ar Nijar, ba albashi gare su ba, balle fansho. Fanshon manomi shi ne gonarsa, da bisashensa, da ƴaƴansa.

A da, gandu ne yake ɗaukar wannan nauyi. Ƴaƴa su noma gonar uba, a cika rumbu ɗaya, kowa ya ci. Yau gonaki sun rarrabu wajen gado, sun ƙanƙance, kowane magidanci yana fama da nasa iyali.

Abin da riƙon tsoho yake ci

Na farko cimaka. Mai haƙora kaɗan yana bukatar fura mai laushi, kunu, nono da miya mai kyau. Na biyu magani. Hawan jini da ciwon suga ba sa warkewa da allura guda. Maganinsu na kullum ne. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan aiki a asibiti, amma sai an biya mota zuwa birni da abincin mai jinya.

Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gomnati, kuma a 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi. Wannan sauƙi ne ga tsofaffi ma. Ƙasar Senegal ta bi wata hanya: a 2006 ta kafa shirin Sésame don duba masu shekara 60 zuwa sama kyauta.

Na uku shi ne wanda ba a lissafa shi da kuɗi: wanka, wanki, ɗebo ruwa, kwana a farke. Galibi ɗiya ce ko matar ɗa take yin sa, ban da daka, girki da reno.

Yadda ake yi a Faransa

Akwai ƙasashen da suka mai da wannan aiki na biya. A Faransa an gina gidajen tsofaffi kusan 7.500, inda ma'aikata suke kula da su dare da rana. Ɗaki guda yakan ci kusan yuro 2.000 a wata, wato wajen jika 1.300 na sefa. Duk da wannan tsada, a watan Janairu na 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafi yana zargin kamfanin Orpea da tsuke abinci da kayan tsabta na tsofaffi don neman riba. Sai da gomnatin ƙasar ta sa a binciki gidajen duka. Ashe kuɗi kaɗai ba sa sayen kulawa. Sai da idon dangi da na hukuma.

Abin da ƙauye zai iya

Ba sai an jira gini ba. Ƴaƴan da ke cin rani su yanke abin da kowa zai aiko a wata, a ware kuɗin magani dabam. A kai tsoho awon jini tun kafin ya faɗi. Maza su karɓi ɗebo ruwa da itace, kada a bar wa mace ɗaya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa zubi kaɗan-kaɗan yana tara abin kirki. Za a iya ware wani kaso don jinyar iyaye. Masu kula da bankin hatsi su san gidajen tsofaffin da ba su da kowa, a tuna da su lokacin zakka da lokacin bazara.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya riƙe iyayensa yau, ƴaƴansa suna kallo, kuma abin da suka gani shi za su yi masa gobe.