Kafin Mu Ɗora wa Batir Laifi

Idan fitilun tsohuwar tirela suka dusashe cikin dare, yawancinmu batir muke zargi. Alhali batir ajiyar wuta kawai yake yi, altaneto ne ke yi masa caji. Direban da ya sayi sabon batir bai duba altaneto ba, zai sake kwana a hanya.

Masu riwaya kan fara da mita. Galibin manyan motoci na amfani da volt 24, don haka in inji na aiki ya kamata a ga kusan 28. In bai kai ba, sai su duba fanbel, sannan su kwance altaneton. Sau da yawa kabon ko boris ne ya cinye, kuma canza su ya fi sayen sabo araha.

Darasin maganaɗisun da muke koyo a aji, ga shi nan yana ciyar da mutane a gareji.