Sarkin Da Ya Yi Fama Da I'ina: Darasi Ga Mai Raina Kansa

Akwai wata cuta da ta ke damun ma'aikata da yawa, malaman makaranta da akawuna. Ba ta kwantar da mutum, ba ta hana shi cin tuwo, amma ta kan zaunar da shi wuri ɗaya shekara da shekaru. Cutar nan ita ce raina kai. Sai ka ga mutum yana da burin ƙara ilmi, ya karɓo takardar shiga jarrabawa, ya cike ta tsaf, sa'an nan ya jefa ta akwati har ranar rufewa ta wuce. In ka tambaye shi dalili ya ce, "Ina ni ina wannan? Ai da muguwar rawa gara ƙin tashi." Saboda irin waɗannan 'yan'uwa na ga ya kamata in kawo labarin Sarkin Ingila Joji na 6, wanda ƙasarmu ta kasance ƙarƙashin mulkinsa daga 1936 zuwa 1952, wanda kuma aka buga hotonsa bisa sulallan wancan zamani.

An haife shi ran 14 ga Disamba, 1895, aka raɗa masa suna Albat. Shi ne ɗa na biyu wurin Sarki Joji na 5, don haka ba wanda ya sa masa ran sarauta, wansa Edwad shi ne mai jiran gado. Bahago ne, aka tilasta masa rubutu da dama. Gwame ne kuma, aka riƙa yi wa ƙafafunsa ɗauri don su miƙe. Tun yana yaro ƙarami i'ina ta kama shi, har ya zama in an yi masa tambaya cikin aji ya gwammace ya yi shiru da a yi masa dariya. Cikin 1909 aka sa shi makarantar mayaƙan ruwa ta Osborne, da aka yi jarrabawar fita, cikin yara 68 shi ne na 68.

Duk da haka ba rago ba ne. Cikin 1916 yana cikin jirgin yaƙi mai suna Collingwood sa'ad da Ingilishi suka kara da Jamusawa a tekun Jutland, kuma cikin 1919 ya ƙware a tuƙin jirgin sama. Ashe mutum ya kan jure ƙarar igwa, amma tsayawa gaban jama'a ya buɗe baki ya gagare shi. Ran 31 ga Oktoba, 1925, aka sa shi jawabin rufe babban bajen kolin daular Ingila a Wembley, ga dubban mutane a fili, ga rediyo tana watsawa. Kalmomi suka maƙale masa, ya riƙa yin shiru mai tsawo, shi yana wahala masu sauraro suna jin nauyi. Kafin wannan rana masu magani da dama sun gwada, ba su yi nasara ba, har ya soma ɗauka haka Allah ya yi shi.

Cikin Oktoba, 1926, ya yarda ya sake gwadawa, ya tafi wurin wani mutumin Ostareliya wai shi Lionel Logue. Mutumin nan ba likita ba ne, malamin koyar da magana ne, ya kuwa sami gwaninta wajen taimakon sojojin da firgitar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ɗauke musu baki. Bai yarda ya je fada ba, sai ɗan sarki ya riƙa takowa ɗakinsa na aiki a Landan kamar kowane almajiri. Ya kuma gaya masa a fili cewa warkewa tana yiwuwa, amma aikin nasa ne. Ya koya masa jan numfashi daga ciki, da saki jiki, da maimaita kalmomi masu wuyar faɗa, ya ɗora masa horo na sa'a guda kullum. Matarsa ta kan raka shi don ta koya, ta taimake shi a gida. Ran 9 ga Mayu, 1927, wata bakwai ke nan da somawa, ya buɗe sabon ginin majalisar Ostareliya a Kanbera, ya yi jawabinsa lafiya.

Babbar jarraba tana gaba. Ubansa ya rasu cikin Janairu, 1936, wansa ya hau gado, amma ran 11 ga Disamba na shekarar nan ya yi murabus saboda matar da ya ke so ya aura. Sarauta ta faɗo wa mutumin da bai neme ta ba, saura kwana 3 ya cika shekara 41. Shi da kansa ya rubuta cewa da ya je wurin mahaifiyarsa a kwanakin nan, kuka ya ɓarke da shi kamar yaro. Ya koka wa wani ɗan'uwansa cewa shi bai taɓa ganin takardun mulki ba, aikin jirgin ruwa kaɗai ya sani. Amma ya karɓa. Aka naɗa shi ran 12 ga Mayu, 1937, ran nan da dare ya yi wa talakawansa jawabi ta rediyo. Dabarar da su ke yi ita ce, Logue ya bi takardar jawabin layi layi, ya canza kalmomin da za su ba Sarki wuya, ya sa alama inda zai tsaya ya numfasa, sa'an nan su yi ta maimaitawa.

Da wannan dabara ya yi jawabin ran 3 ga Satumba, 1939, ranar da Ingila ta shiga yaƙi da Jamus. Ya ƙi barin aikinsa a Landan ko da bom ya faɗa fadarsa cikin Satumba, 1940. Ran Kirsimeti ta 1944 ya yi jawabi ba tare da malaminsa a gefe ba, bayan shekara 18 da haɗuwarsu. Ya rasu ran 6 ga Fabrairu, 1952, yana da shekara 56. Abin lura shi ne, i'inar nan ba ta rabu da shi ɗungum ba. Muryarsa da aka ɗauka tana nan, duk wanda ya saurara zai ji inda ya ke tsayawa yana kokawa da kalma.

To, jama'a, ga abin da za mu tsinta. Da farko, mai raina kansa ya kan ce, "Ban iya ba," ya yi wa kansa kuɗin goro. Ya kamata ya bincika ya gane takamaiman abin da ya gagare shi, ko lissafi ne, ko Turanci, ko magana gaban mutane, gama cutar da aka san sunanta ita a ke nema wa magani. Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ɗan sarki ya taka zuwa ɗakin talaka neman ilmi, babban akawu ba ya ƙasƙanta don ya tambayi ƙaramin malami. Na uku, sa'a guda kullum ta fi kwana uku ba barci gab da jarrabawa, yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Na huɗu, wanda ya ce sai tsoro ya fita daga zuciyarsa tukuna zai soma, to, ya daɗe yana jira. Ƙarfin zuciya bayan aiki ya ke zuwa, kaɗan kaɗan.

Wani zai ce, ai shi ɗan sarki ne, yana da kuɗin biyan malami. Gaskiya ne. Amma kuɗi ba su ja masa numfashi ba, ba su kuwa tsaya masa gaban rediyo ba. In kai ka faɗi jarrabawa, mutane nawa za su ji? Shi kuwa ranar da ya kasa, ƙasa duka ta ji, ya kuma sake tashi.

Sauran magana ga malamai. Masana sun tabbatar i'ina ba alamar daƙiƙanci ba ce, ta fi kama maza bisa mata, sau da yawa kuma gado a ke yi. In kana da irin wannan yaro a ajinka, ba shi lokaci ya ƙare maganarsa, kada ka ƙarasa masa, kada ka bari a kwaikwaye shi, bahago kuma ka bar shi da hannunsa. Yawancin masu raina kansu a ofis, a aji aka fara raina su. Allah ya sa mu zama masu ƙarfafa wa na bayanmu zuciya, amin.