Tallafin Jari Ga Masu Ƙananan Sana'o'i: Inda Ake Nemansa Da Abin Da Ya Kamata Musulmi Ya Kiyaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu muna da sana'a a hannu amma babu jari. Tela na son keke na biyu, mai yin kilishi na son rumfa, ɗalibi ya gama karatu yana son kiwon kaji. Bashin banki kuma yawanci da ruwa yake zuwa, mun kuwa san Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba a aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani kan tallafi.

Tallafi kuɗi ne ko kayan aiki da gwamnati ko wata ƙungiya ke ba mai sana'a ba tare da ya mayar ba. Hukuncinsa hukuncin kyauta ne, kuma halal ne matuƙar sana'ar halal ce. Sai dai kyauta ce mai sharaɗi: an ba ka ne domin aikin da ka ambata, don haka amana ce a wuyanka.

A ina ake samunsa? Misali na farko shi ne Gidauniyar Tony Elumelu da ke Legas, wadda tun 2015 take zaɓen masu ƙananan sana'o'i daga ƙasashen Afirka 54. Wanda aka zaɓa yana samun horo, sannan jarin dala 5,000, kimanin sefa miliyan 3, wanda ba a mayarwa. Ana buɗe rajista ranar 1 ga Janairu a shafin TEFConnect, a rufe cikin Maris, kuma ana iya cikewa da Faransanci ko Larabci. Ba a biyan ko dala ɗaya.

A nan Nijar akwai asusun FISAN da aka kafa a 2017 domin noma da kiwo da sarrafa amfanin gona. Manomi ko makiyayi zai iya neman bayani a ofishin majalisar manoma ta jiharsa, wato CRA, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da sauransu. Banda waɗannan, ƙungiyoyin raya ƙasa kan fitar da sanarwa a gidajen rediyo da ofisoshin magajin gari.

A nan ne ya kamata mu buɗe ido. Ba duk abin da aka kira tallafi ne yake zuwa shi kaɗai ba. A tsarin da FISAN ta saba bi, tallafin kashi 40 ne cikin ɗari na kuɗin aikin, mai aikin ya kawo kashi 10, sauran kashi 50 kuma bashi ne daga banki ko asusun bada lamuni. Idan aikinka na jika 1,000 ne, jika 500 bashi ne. Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi da wane sharaɗi za a ba da wannan bashi. Idan da ruwa ne, nemi a bi da kai ta bankin da ke aiki da tsarin Musulunci, irin su Bankin Musulunci na Nijar, inda ake murabaha: banki ya sayi kayan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Ka kai takardar wa malami masani ya duba tare da kai. Kwaɗayin kashi 40 kada ya jefa mutum cikin abin da zai yi nadama.

Me ake shiryawa? Na farko takardun shaida: katin ɗan ƙasa, kuma sau da yawa rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, waɗanda ake yi a Maison de l'Entreprise a Yamai. Na biyu littafin lissafi. Mai ba da tallafi yana son ya ga abin da ka saya, abin da ka sayar da ribar da ta rage a wata. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutu a harkar kuɗi ba baƙon abu ba ne gare mu. Na uku tsarin aiki a rubuce: me kake sayarwa, wa ke saye, nawa kake buƙata, kuma kowane kuɗi me za a saya da shi, da farashinsa na gaskiya a kasuwa.

Abubuwa biyu muke gargaɗi a kansu. Na ɗaya ƙarya. Wanda ya ari shagon maƙwabci aka ɗauke shi hoto, ko ya rubuta ma'aikata biyar alhali shi kaɗai ne, ya ci dukiya da yaudara, kuma ya tare hanyar wani mabuƙaci. Haka wanda ya karɓi kuɗin injin niƙa ya yi biki da su. Na biyu 'yan damfara. Duk saƙon WhatsApp da ya ce an zaɓe ka, ka turo kuɗin buɗe dosiye ko lambar sirrin asusunka, ka share shi, ka kuma faɗakar da na kusa da kai.

Masu nema suna da yawa, waɗanda ake zaɓa kaɗan ne, don haka kada wanda bai samu ba ya ajiye sana'arsa yana jira. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, ya nemi a nuna masa kasuwa, Allah Ya sa masa albarka. Muna kira ga ɗalibanmu masu iya rubutu da intanet su taimaki iyaye da mata masu sana'a wajen cike takardu saboda Allah, kwamitocin masallatai kuma su riƙa sanar da jama'a idan an buɗe rajista ta gaskiya.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga riba da cin amana. Amin.