Ina tsofaffin finafinan ƙasarmu suka shiga?

Yau hirarmu ta silima ce.

Kai mai karatu, wata rana ka gwada wannan. Ka tafi kasuwa wurin samarin da ke tura ma mutane fim cikin salula. Ka ce a ba ka na Indiya. Akwai shi, har da wanda aka juya da Hausa. Ka ce na Kano. Sai ka gaji da zaɓe. To, ka ce a ba ka Cabascabo na Umaru Ganda. Yaron zai dube ka, ya ce: «Baba, wane ne shi kuma?» Ba laifinsa ba ne. Bai taɓa gani ba. Kuma da wuya a samu wanda ya taɓa kawo masa shi.

Alhali kuwa akwai dattawa a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, waɗanda suka ga waɗannan finafinai da idonsu. Wasu a gidan silima, irin su Vox da Zabarkan na Yamai. Wasu a fili, da dare, an rataya farin ƙyalle. Har yau suna son su sake ganin su a gida, tare da jikoki. Abin ya faskara. Me ya sa? Shi za mu duba. Amma bari mu fara sanin finafinan da kansu.

Su wa suka fara?

Nijar tana cikin ƙasashen farko na baƙar fata da suka yi fim nasu na kansu. Mutum biyu ne kan gaba.

Na farko Mustafa Alasan. An haife shi a 1942. Makanike ne da farko, kuma gwanin zane. A 1962 ya yi fim mai suna Aouré, wato Aure, labarin biki a wani ƙauyen Zabarmawa. Daga baya ya tafi ƙasar Kanada ya ƙaro sanin yadda ake sa zane ya yi motsi. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim. Fim ne na minti 5 kawai. Shugaban ƙasar kwaɗi ne ya kai ziyara wata ƙasa, da soja, da faretin tarba, da komi. Kowa ya gane da wa ake. A wannan shekara kuma ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba ma abokansa huluna da bindigogi. Suka hau dawaki suka hana garinsu sakat. Ka ga ke nan tun 1966 Mustafa ya lura da abin da silimar waje ke yi ma samari. Yana da wani kuma mai suna Kokoa, kokowa ce tsakanin kwaɗi da sauran dabbobi, da ƴan tsana aka yi shi. Mutanen Tawa sun san shi sosai, don can ya zauna shekaru da yawa. Ya rasu a 2015.

Na biyu Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba. Ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. Can ya haɗu da wani Bafaranshe, Jan Rush, wanda ya sa shi cikin fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Da Umaru ya komo gida sai ya kama yin nasa. Cabascabo labarin kansa ne, ko kusa da haka: tsohon soja ya dawo da kuɗi, abokai suka taru, kuɗi suka ƙare, abokai suka watse. A ƙarshe ya kama hanyar daji zai koma noma. Da Zabarmanci aka yi shi, kuma babu launi, fari da baƙi ne.

Sai Le Wazzou polygame. Wani alhaji ne mai mata biyu ya nemi ta uku, yarinyar da aka riga aka yi ma wani saurayi alkawarinta. Kishi ya jawo kisan kai. Wannan fim shi ya ci babbar kyauta, Dokin Yennenga, a bikin silimar Afirka na Wagadugu a 1972. Shekarar ce aka fara ba da kyautar. Wato ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta. Umaru ya rasu ranar 1 ga watan Janairu 1981, yana da shekara 45. Gidan al'adu na Yamai da ake ce ma CCOG, sunansa ne aka sa masa.

Kada mu manta da Zalika Sule. Ita ce macen da ta fito cikin kaboyin Mustafa, da Cabascabo, da Wazzou. A lokacin mace ta fito a silima ba ƙaramin abu ba ne. Ta sha zagi, don mutane ba su raba wasa da gaskiya. Ta rasu a 2021. Akwai kuma Jingarai Maiga mai L'Étoile noire, da Inusa Useini wanda ya ɗauki wasan kara, da Mahaman Bakabe wanda ya yi Si les cavaliers, labarin Sarkin Damagaram da Turawan mulkin mallaka.

Fim na da, mene ne shi?

Nan ne bakin zaren. Fim na da ba ya cikin salula, ba ya cikin faifai. Wata doguwar ɗamara ce siririya, kamar ta roba, haske yana ratsa ta. Faɗinta milimita 16 ko 35. A jikinta an jera ƙananan hotuna, ɗaya bayan ɗaya. Injin haskawa yana jan ta, yana nuna hoto 24 cikin sakan guda. Saurin ne ke sa ido ya ga kamar mutum yana tafiya.

Mu yi lissafi tare. Sakan guda, hoto 24. Minti guda sakan 60 ne, hoto 1440 ke nan. Fim mai minti 90 yana da hoto dubu 129 da 600. In mai milimita 35 ne, tsawon ɗamarar ya kusa kilomita 2 da rabi. Ana naɗe ta, a raba ta cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faifan tankaɗe. Gwangwani ɗaya ya ɓace, tsakiyar labari ta tafi.

Kowane fim yana da uwa. Uwar ita ce ɗamarar farko da ta fito daga cikin kamara, wadda masu hoto ke ce ma negatif. Daga jikinta ake buga ƴaƴa, su ne ake kaiwa gidajen silima. To, a Nijar babu gidan wankin irin wannan fim. Sai an aika Faransa a wanke, a haɗa, a buga. Ƴaƴan su zo nan, uwar ta zauna can. Ƴaƴan kuma ba su da yawa, don bugu yana da tsada.

Ɗa yana tsufa da aiki. Duk haskawa, injin yana karce shi. Ƙura tana shiga. Ya tsinke, mai haskawa ya yanke wurin ya liƙa, an rage ke nan. Ka tuna ihun da ake yi a silima in fim ya tsinke? To, kowane ihu guntun fim ne ya tafi.

Ko an ajiye shi ba a taɓa ba, zafi da laima suna cin sa. Sai ya fara wari mai tsami kamar binegar. Ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, ya manne da juna. Mai launi kuma ya koɗe, komi ya koma ja-ja. Fim yana son ɗaki mai sanyi, busasshe, dare da rana, shekara da shekaru. Kai ka san zafin watan Afrilu a ƙasarmu.

Ruwa ma abokin gaba ne. A 1989 aka kafa gidan ajiyar finafinan Afirka a Wagadugu. Ranar 1 ga watan Satumba 2009 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta shiga gidan, gwangwanaye masu yawa suka jiƙe.

Me ya hana a sa su cikin kaset?

Tun can farko ma finafinanmu baƙi ne a gidajen silimarmu. Kamfani biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rabon fim a ƙasashen Afirka masu Faransanci har farkon shekarun 1970. Abin da ke kawo kuɗi shi ake kawowa: kaboyi, da Indiya, daga baya karate.

Da kaset na bidiyo ya yaɗu a shekarun 1980, ɗan kasuwa ya bi wannan hanya. Fim ɗin Indiya ya riga ya zo cikin kaset, kwafa kawai za a yi. Na Kano kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset aka haife shi. Amma na Umaru Ganda sai an nemo uwar a wata ƙasa. Sai an samu inji na musamman mai juya ɗamara ta koma bidiyo. Sai an biya. Sa'an nan a tambaya: wa ke da izini? Mai fim ya rasu. Magada suna nan. Wanda ya ba da kuɗin aikin yana can da takardarsa. Kowa sai ya sa hannu. Ɗan kasuwar da ke neman ribar yau ba zai jira wannan ba.

Akwai kuma maganar harshe. Da yawa cikin finafinan da Zabarmanci ne ko Faransanci. Bahaushen Madawa ko na Tasawa yana bukatar a juya masa. Ni a ganina wannan shi ne mafi sauƙi duka. Waɗanda suka iya sa ɗan Indiya ya yi Hausa ba za su kasa da Cabascabo ba.

An fitar da kaɗan daga cikin na Mustafa Alasan a faifai can Turai. A 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin Niyok, a Amurka, ya nuna finafinansa. Abin alfahari ne. Amma abin da ciwo: a Niyok an gani, a kasuwar Tawa babu. Wasu kuma za ka ci karo da su a intanet, sai dai sau da yawa hoton dishi-dishi ne, magana ba ta fita.

Wanda ya ɓata aka gan shi

Ga wani labari daga maƙwabtanmu na Najeriya. Ka san littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: yaron da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim, da Hausa tsantsa. Umaru Ladan shi ya fito a Shaihu Umar. Tsawonsa awa 2 da minti 22. Daga baya fim ɗin ya ɓace. Shekaru da yawa sai labarinsa kawai ake ji.

A 2016 aka shiga ma'ajiyar ma'aikatar silima ta Najeriya. Aka tarar da gwangwanaye jibge, ƙura ta rufe su. Cikinsu akwai Shaihu Umar, har da uwar. Wata cibiyar silima ta birnin Barlin, a Jamus, mai suna Arsenal, ta kama aikin gyara. A 2018 aka nuna shi a bikin silima na Barlin, shekara 42 bayan yin sa.

Yaya ake gyaran? Da farko a buɗe ɗamarar a hankali, a share ta, a liƙa inda ta yage. Sai a sa ta cikin inji ya ɗauki kowane hoto ɗaya-ɗaya ya zuba cikin kwamfuta. Ka tuna lissafinmu, hoto ya fi dubu 100. Sai a bi su ana goge karce, ana maido da launi, ana gyara murya. Aikin watanni ne, kuma yana cin kuɗi. Amma in an gama, ana iya sa fim ɗin a faifai, ko telbijin, ko salula. A 2017 UNESCO, da ƙungiyar masu silima na Afirka FEPACI, da gidauniyar Martin Scorsese ta Amurka suka ɗaura niyyar gyara tsofaffin finafinan Afirka guda 50.

In ka ci karo da gwangwani

Wannan ya shafe ka. A da, ana yawo da fim gari-gari, a mota. Ana kai shi lakwal, da gidajen samari, da wurin malaman gona da na kiwon lafiya. Ba duka aka maida ba. Mai yiwuwa wani yana kwance cikin mangaza, ko cikin kayan wani tsohon mai haskawa da ya rasu. Ko na koyar da noman gyaɗa ne, kada ka raina shi. Akwai fuskokin mutanen garinku a ciki, da kasuwarku yadda take a da.

In ka gan shi, kada ka sayar ma masu sayen ƙarfe. Kada ka bar yara su warware shi su yi wasa. Kada ka wanke shi da ruwa, kada ka shanya shi a rana. Kada ka ce sai ka gwada shi cikin tsohon inji, tsinkewa zai yi. Ka nisanta shi da wuta, don mai milimita 35 da aka yi kafin 1950 yana kamawa kamar fetur. In kana da da yawa, ka ware mai warin tsami daban, don yana ɓata na kusa da shi. Ka ajiye su kwance, a inuwa, sama da ƙasa, inda ruwa ba ya kaiwa.

Sa'an nan ka ɗauki alƙalami. Ka kwafe abin da aka rubuta bisa marfin: sunan fim, da lamba, da shekara in akwai. A takardun Faransanci sunayen suna canza kama. Mustafa Alasan za ka gan shi Moustapha Alassane, Umaru Ganda kuma Oumarou Ganda. Ka kai takardar ofishin al'adu na jiharku, ka ce a zo a gani.