Daga Lifidi Zuwa Adon Bango: Sana'ar Ƙyalle Da Allura A Ƙauyukan Hausawan Jazira

Duk ɗan kasuwar da ya saba da rumfunan teloli a Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san yadda ake share guntayen yadi a zubar da yamma. Amma a wasu ƙasashe, musamman Amurka, irin waɗannan ƙyallaye ne ake harhaɗawa a yi ɗan bargon ado da bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, a ƙawata shi da surfani da duwatsu, a rataya a bango. Har baje-kolinsa ake yi kowace shekara a birnin Houston. A ganinmu wannan aiki ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kuma ba baƙo ba ne ga ƙasar Sudan, inda 'yan uwanmu ke zaune a Wad Madani da ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu.

Idan mai karatu ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina, ya ga 'yan lifida. Shi lifidi yadi ne da ake cusa wa audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi domin ya kare doki da mahayinsa daga kibiya. Irinsa mayaƙan Sudan suka yi amfani da shi, kuma gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan na ajiye da na doki, wanda aka haɗa da ƙyallaye masu launi daban-daban. Haka nan jibbar mabiya Mahadi: da fari maho ne na nuna gudun duniya, amma a zamanin Halifa Abdullahi, daga 1885 zuwa 1898, sai mahon ya koma ado, ana yanka shi a tsare, ana bin gefensa da zare.

Hausawa kuwa sun daɗe suna bin wannan hanya zuwa aikin Hajji. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, ya ƙara jawo wasu. Duk inda Bahaushe ya sauka kuma, allurar ɗinkin hula da riga na cikin kayansa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne halin da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya jefa yankin. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar wannan shekara, jama'a suka watsu zuwa Sinnar da Gadarif, kafin sojoji su ƙwato birnin a Janairun 2025. Wanda ya rasa gona da keken ɗinki da jari, sana'ar da ta fi masa sauƙin farawa ita ce wadda kayanta ke shiga aljihu.

Yadda ake yin aikin kuwa, hawa uku ne: fuska ta ƙyallayen da aka haɗa, auduga a tsakiya, sai shafi a baya. Ana soma ɗinki daga tsakiya zuwa gefe don kada audugar ta dunƙule. Daga nan sai a zauna wa surfani, a fitar da dagi ko aska ko tambari irin na babbar riga. Duwatsu su ne na ƙarshe, waɗanda mutanen Sudan ke kira suksuk, suke kuma jera su a lafayar mata. Gwani yakan ninka zare biyu, ya ƙulla bayan kowane dutse uku ko huɗu, ta yadda ko zaren ya tsinke ba za su zube duka ba.

Ga mai saye don sayarwa, shawararmu ita ce ya juya bayan kayan ya duba. Ɗinkin inji yakan fito bai ɗaya, na hannu kuwa ba ya rasa ɗan bambanci. Ya ja dutse ɗaya a hankali, domin wanda aka manna da gam ba ya jure zafin rumfa. Ya kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai, ya gani ko rinin na zuba. Wajen ɗauri, a naɗe shi da shafin a waje, kada a karya shi a kan duwatsun.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar, wato farashi. Aikin da ya ci wa mace kwanaki ba zai yi gasa da kayan inji na ƙasar Sin ba, idan aka baje su a tabarma ɗaya. Kasuwarsa tana wajen masu haɗa kayan ɗakin amare da masu neman tsaraba, kuma ɗan kasuwar da ya iya ba da labarin lifidi da jibba zai fi samun mai saye. In muka taya aikin hannu da kuɗin tsumma, maɗinkan za su ajiye allurar, mu ma mu rasa hajar. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa albarka a neman kowa.