Kwale-kwalen Roba a Kogin Aare: Shaƙatawar da Ke da Ƙa'ida

Idan bazara ta kama a ƙasar Suwizalan, wato daga watan Yuni zuwa Agusta, jirgin ƙasan da ke tashi daga Bern zuwa garin Thun kan cika da wasu irin fasinjoji. Kowa da gajeren wando, wannan na rungume da ƙunshin roba a naɗe, wancan na saɓe da filafili, wani kuma famfon hura iska ne a hammatarsa. Tafiyar jirgin ba ta wuce kamar minti 20 ba. Dawowar ce ke cin awa 3 zuwa 4, domin ta kan kogin Aare za su biyo, a cikin kwale-kwalen roba da suka hura da hannunsu.

A unguwar Schwäbis da ke Thun ake shiga ruwan. Nan za ka ga an baje robobi a bakin gaɓa, ana ta taka famfo, ana ɗura tufafi da waya da kuɗi cikin jakar da ruwa ba ya ratsawa. Da an tura kwale-kwalen, aiki ya koma hannun kogi. Ba inji, ba wani tuƙin kirki. Filafili na gyara hanya ne kawai. Dabarar ba ta da nisa da ta masuncin Argungu da ke kwanciya a kan gora, iskar da aka kulle a ciki ita ke ɗauke da mutum. Haka za a yi ta gangarawa fiye da kilomita 25, ta tsakanin dazuzzuka da gonaki, har cikin babban birnin ƙasar.

Abin da ke ruɗar baƙo shi ne kyan ruwan. Shuɗi ne mai ratsin kore, garau, har kana hango duwatsun ƙasa. Aare ya taso ne daga ƙanƙarar tsaunukan Alps, ya ratsa tafkin Brienz da na Thun, inda laka ke kwantawa kafin ya fito. Shi ne kogi mafi tsawo da ya fara kuma ya ƙare a cikin Suwizalan, kuma a inda ya haɗu da kogin Rhine ya fi Rhine ɗin yawan ruwa. Tsabtarsa ma ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1960 an sha hana wanka a ruwayen ƙasar saboda ƙazantar gidaje da ta masana'antu, sai da aka zuba kuɗi aka gina wuraren tace ruwan datti kafin iyo ya dawo.

To amma ruwan da ya fito daga ƙanƙara ba ya manta asalinsa. Ko rana na ƙuna, da wuya ɗuminsa ya wuce digiri 22, sau da yawa ma yana ƙasa da 20. Mutumin da ya sha rana a kan roba, jikinsa ya yi zafi, idan ya faɗa ciki kwatsam numfashinsa kan sarƙe, ya shaƙi ruwa bai shirya ba. In ya daɗe a ciki, hannu da ƙafa su yi nauyi, jijiya ta ɗaure. Kuma lokacin bazara ne kogin ke cika, saboda narkewar ƙanƙara, don haka ranar da ta fi daɗin fita tana iya zama ranar da ruwa ya fi gudu. Mutanen Bern da yawa ba sa fita sai sun duba manhajar Aare.guru, wadda ke nuna sanyin ruwa da yawansa.

Jim kaɗan da barin Thun akwai wurin da kowa ke magana a kai, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Uttigen, inda ruwa ke tashi yana tumbatsa. Nan ne robobi suka fi kifewa. Wanda ya san hanya yakan daidaita hancin kwale-kwalensa tun daga nesa, ya kauce wa ginshiƙan gadar, kowa ya zauna daram. Wanda bai sani ba sai ya zo a karkace.

A ganina, abin da ya fi igiyar ruwan Uttigen haɗari shi ne igiya ta ɗauri. Abokai sun fito su goma a robobi uku, ba sa son rabuwa, sai su ɗaure su wuri guda don hira ta yi daɗi. Da sun iso gada, ɗaya ta bi dama da ginshiƙi, ɗaya ta bi hagu, igiya ta maƙale a tsakiya. Kogi ba zai tsaya jiransu ba. Sai ya danne robobin a jikin siminti, ya juye mutane, kuma ƙarfin ruwan ya fi gaban a ce wani zai kwance ƙulli. Haka wanda ya ɗaura igiyar kwale-kwale a ƙugu ko a ƙafa wai don kada ya ɓace masa: in igiyar ta kama reshe ko dutse, ƙasa ruwa zai ja shi, ko da gwanin iyo ne. Shi ya sa ƙungiyar ceto ta ƙasar, SLRG, ta sa hana ɗaure robobi cikin ƙa'idojinta na kogi, tare da sanya rigar ceto, da kiyaye nauyin da aka rubuta a jikin robar, da binciken hanyar da ba a sani ba kafin a bi ta.

Akwai wata doka da za ta ba mutum dariya da farko: sai an rubuta sunan mai kwale-kwale da adireshinsa a jiki. Dalilin kuwa mai ƙarfi ne. Idan aka ga roba tana yawo ba kowa a ciki, 'yan sanda ba su san ko mutane sun nutse ba ne ko kuwa kubce wa mai ita ta yi a bakin gaɓa. Da suna a jiki, bincike kaɗan ya raba gardama, ba sai an tashi masu nutso da jirgi mai saukar ungulu a banza ba.

Kogin ba ya duba wane ne. A watan Mayun 2022 ɗan Ridwan Kamil, gwamnan Java ta Yamma a Indonesiya a lokacin, ya shiga iyo a Aare a cikin Bern, ruwa ya tafi da shi. Sai bayan kusan mako 2 aka tsinci gawarsa a madatsar Engehalde.

Fita daga ruwan ma ilimi ne. Masu robobi kan sauka a Eichholz, ko su ƙarasa Marzili, wurin wankan jama'a da ke ƙarƙashin ginin majalisar tarayya, wanda shigarsa kyauta ce. Tun da sauran tazara ake fara matsowa gefe, domin in ka bari sai ka zo daidai matakala, ka riga ka wuce ta. Gaba kaɗan da Marzili kuwa madatsar Schwellenmätteli ce, kuma allunan gargaɗin da aka kafa kafin a kai gare ta suna sanar da cewa nan ne wurin fita na ƙarshe.